Ramin da Ke Cikin Takalmin Yaya

Likitar ta juyo da kwamfuta ta nuna wa Yaya da ƙanenta Baduku hoton 'yar fatar da aka yanko daga tafin ƙafar Yaya aka kai gwaji. Ɗige-ɗige ne masu ruwan ƙasa, kamar an barbaɗa ganyen shayi a faranti.

"Waɗannan su ne ƙwayoyin da ke ba fata launinta," in ji ta. "Kowa yana da su, a jere sama-sama. Naki sun yi yawa, sun bar layinsu, sun nutsa can cikin tsoka. Ciwon daji ne, Mama. Bai taɓa damunki ba in kina tafiya?"

"Ko kaɗan," in ji Yaya, har da ɗan alfahari. "Ga ƙanena nan, shi ke ɗinka min takalmi."

Baduku ya sunkuyar da kai. Gwani ne, ba musu, kuma gwanintar ce ta cuce su. Ranar da Yaya ta shigo shagonsa tana ɗingishi, ta ce baƙin tabon da ke ƙarƙashin babban yatsanta yana gugar takalmi, ko kusa asibiti bai faɗo masa a rai ba. Wuƙa ya ɗauka. Ya ƙwaƙule ɗan rami a shimfiɗar takalmin daidai tabon, ya cusa soso, ya lulluɓe da fata mai laushi. Ta taka, ta ce sai ka ce a kan katifa. Duk sabon takalmi sai ya ƙara faɗin ramin, yana tsokanarta wai tabon ma ƙiba yake yi irin ta mai shi. Su yi ta dariya. Zafin da zai kora ta wurin likita tun da wuri, shi ya kashe shi da hannunsa.

Likitar ta ce dole a yanke gaban ƙafar, sannan a duba ko ciwon ya yi gaba. Da an zo tabon yana ƙarami, da abin bai kai haka ba.

A baranda Yaya ta dafa kafaɗarsa.

"Yaya, da ban…"

"Da ba ka me ba? Ni na kawo maka ƙafar." Ta ɗan numfasa. "Ka fara neman fata mai kyau. Rabin ƙafa ma tana son takalmi, kuma ka san ba na sa na kowa sai naka."

Ya ce to, ya kasa ɗagowa ya dube ta.