Badon da Baba Mai Lambu Ya Tumɓuke

Shekara talatin Baba Mai Lambu yana aiki a gidan nan, kuma dokarsa ɗaya ce: abin da aka shuka a raya shi, abin da ya fito da kansa a tumɓuke shi. Da ya dawo daga jinyar ƙafa ya tarar bado ya rufe kwamin ruwan da ke bakin baranda, bai tambayi kowa ba. Ya naɗe wando, ya kwashe shi tas, ya zube a rana.

Matar gidan, wadda likita ce, ta fito ta gani, ta dafe kai. Ta ce ita ta sa aka dasa shi, don furensa da ƙudan zumar da yake jawowa.

Baba ya dube ta, ya dubi tsibin ganyen. Bado? Tabarmar kwaɗi? Shi dai ya san kakarsa tana dafa wa mai zazzaɓi saiwarsa, tana ɗora ganyen a kan gyambo. Sai ya tambaya ko wani ne ba lafiya a gidan. Ta ce kowa garau.

"To me za a yi da shi, ranki ya daɗe?"

"Kallo, Baba. Kallo kawai."

Ta ƙara da cewa in kwamin bai koma yadda yake ba, za ta nemo wanda ya san aiki. Wannan maganar ce ta tsaya masa a wuya.

Ya ɗauki bokiti ya nufi fadamar da ya sani tun yana yaro. Ya isa, babu fadama. Katanga ce da shaguna. Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, yana zaton ƙafa ce ta ɓatar da shi. Wani mai faci ya yi dariya, ya ce an cike wurin da ƙasa tuntuni, in bado yake nema sai wajen mai sayar da furanni.

Can ya sami badon cikin robobi, an maƙala masa takardar suna kamar baƙo. Mai furannin sa'ar 'yarsa ce.

"Baba, ka iya dasa shi kuwa? Yana da tsirfa fa."

Ya buɗe baki zai tsawata mata, sai ya tuna bai taɓa dasa shi ba. Cirewa kawai ya sani. Ya ajiye bokitin a hankali.

"Ruwan," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "zurfinsa kamar yaya?"