Wayar Kawu Halliru a Shagon Caji

Ƙanena Zayyanu yana da kai, ban taɓa musu ba. Abin da ba shi da shi haƙuri ne. Tun yana ƙarami, in an ba shi kunu da zafi sai ya ƙona baki.

Da ya gama karatun kwamfuta ya dawo Wurno, sai ya haɗa wa mutanen ƙauyukanmu wata manhaja ta waya. In mutum ya hangi baburan ɓarayin daji, sai ya danna lambar sirrinsa ya aika saƙo, 'yan sa-kai su gani, saƙon kuma ya goge daga wayar nan take. Ba wanda zai san wa ya aika. A ƙasarmu wannan shi ne komai, domin infoma, mai kai wa ɓarayi labari, ba ya da alama a goshi, tare ake sallah da shi.

Kawu Halliru, wan mahaifiyarmu Ikilima, yana noman albasa a Rara, gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji. Mutum ne da ko sunan matarsa ba ya faɗa a kasuwa. Sai da Zayyanu ya yi ta zarya kafin ya yarda.

"Ka tabbata babu mai gani?" in ji Kawu.

"Kawu, ko ni ban iya gani."

"To na yarda da kai, ɗan Ikilima."

Da shi ya yarda, ku lura. Bai ce ya yarda da kwamfuta ba.

Ana nan sai manhajar ta fara gardama. A tsofaffin wayoyi, da an zo wurin lambar sirri sai ta daskare. Kira ta ko'ina, daga Sisawa, daga Rara, kowa na faɗa. Ina zaune a falo ina tsince shinkafa Zayyanu ya kwashe rubutun da ke tafiyar da manhajar ya zuba wa irin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta gyara. Kafin in zubar da tsakuwa ta gama.

"Ka karanta abin da ta rubuta?" na tambaye shi.

"Yaya Mashkura, mi kika sani ga wanga aiki? Ga shi, shina aiki."

Ya gwada a wayarsa, lafiya lau. Ya tura wa kowa. Ni kuwa na koma kan shinkafata, tunda an tuna mini matsayina.

Ashe ga gyaran da ta yi: tunda lambar sirri ce ke kawo cikas, sai ta cire ta. Ta kuma ƙara wani alheri da ba a roƙe ta ba, ta sa saƙon da mutum ya aika ya zauna a wayar, don ya tabbata ya tafi. A ganinta waya ta mai ita ce, kullum tana aljihunsa. Haka ta Zayyanu take. Amma a Rara babu wuta. Da safe kowa kan ajiye wayarsa a shagon caji ya wuce gona, sai la'asar ya karɓa. Wayoyi jibge a kan tebur, mai shago ya tafi sallah, wannan ya ɗaga yana neman tasa, wancan ya latsa ya ga ko ta cika. Zayyanu ya san haka sarai, a wannan teburin ya sha yin caji in ya je hutu. Na'urar ce ba ta sani ba, shi kuma bai duba ba.

Har yau ba mu san wanda ya latsa wayar Kawu ba. Mun dai san ranar kasuwa wani baƙo ya tsaya kusa da shi, ya gaishe shi da ladabi, ya maimaita masa saƙon da ya aika kalma bayan kalma, sannan ya ce a gaida iyali.

Kafin azahar Kawu ya kwashe iyalinsa a motar itace. Albasarsa ta kusa cira, ya bar ta a ƙasa.

Mun same shi a Goronyo, a wani ɗaki da abokinsa ya ara masa bayan shagon taki. Ya rame. Zayyanu ya durƙusa da kwamfutarsa a hammata, idanunsa jawur, yana rantsuwa cewa ya gyara manhajar da hannunsa, layi bayan layi, babu abin da ya tsallake. Gaskiya ya faɗa, na ga yadda ya hana kansa abinci a kai. Na so in zage shi, na kuma ji tausayinsa.

Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya yi.

"Tashi, Allah ya riga ya rubuta. In kun koma, ku nemi maƙwabcina Attahiru, ku ce shi cire albasar nan kar ta ruɓe. Shi ci da ɗiyanai."

"To, Kawu."

"In ya tambayi inda nike, ku ce ba ku sani ba."

Ya daɗe yana kallon kwamfutar da ke hammatar Zayyanu.

"Ita ma kar ka hwaɗa mata."