Kan Furofesa a Hannuna

Ƙanina ya shigo shagon askin da nake aiki da rana tsaka, ya faɗa kujera ko sallama bai ƙarasa ba. A gida Furofesa ake ce masa. Tare muka rubuta jarrabawar gama sakandare, don ni na maimaita aji. Shi ya ci. Gobe zai je ganawa da masu ba da tallafin karatu, Mama kuwa tun safe take goge masa riga. Ni ko hankici ba ta taɓa goge mini ba.

"Yaya, a rage kaɗan kawai. Ka san mutanen nan har kai suke dubawa."

Na ɗaura masa ƙyalle a wuya. Talabijin ɗin da ke saman madubi tana nuna fim ɗin wani jarumi mai tashi sama, shi ma da ƙyalle a wuya, nasa ta baya. A fim ɗin, motar 'yan makaranta ce ta rataye a bakin gada.

"Ga mutuminka can," in ji Furofesa yana dariya. "Da a kan waɗannan aka yi jarrabawa, ai da kai ne na ɗaya."

Na cire robar bakin injin askin, wadda ke hana shi cin gashi har fata. A raina na ce, layi ɗaya daga ƙeya zuwa tsakiya ya isa. Sai in ce hannu ne ya zame. Dole a kwashe sauran, ya je musu da kai tal, ga tabon nan da yake ɓoyewa tun muna yara, wanda in aka ƙura wa ido sai in'ina ta kama shi.

Ya sunkuyar da kai da kansa, ya lumshe ido. Ko madubi bai kalla ba. Injin na ta rawa a tafin hannuna.

Jarumin ya ɗaga motar. Na sha ganin fim ɗin, kullum ɗagawar nake jira. Yau na lura da yadda ya sauke ta, a hankali, ko gilashi bai tsage ba.

Na mayar da robar. Na yi masa askin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na bar gashi ya rufe tabon, na fitar da layin goshi tsaf.

Ya juya kai hagu da dama. "Ba laifi," ya ce, ya fita.

Da yamma na ji Mama tana faɗa wa maƙwabciya wai kan Furofesa haka Allah ya yi shi, kowane aski karɓarsa yake yi. Na shige ɗaki, na turo ƙofa.