Wanda Ke Rabon Nama

Tun da likita ya ce wa Hammawa yana da ciwon suga, ba tuwon da aka hana shi ba ne ya fi ci masa rai. Ƙanensa Sabitu ne.

Gidansu na Ƙofar Wambai babban gida ne, na gado. Kakansu ne ya sayar da rabin garkensa ya shigo gari ya kafa shi, kuma tun daga zamaninsa maza a zaure suke cin abincin dare. Bayan magariba kowane sashe ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, manya su kewaye nasu, yara su kewaye nasu. Shugaban gida yana zaune a kan buzu, bayansa jingine da bango. Shi ke buɗe murfi, shi ke fara sa hannu, kuma shi ke tsamo naman miya ya raba: wannan na wane, wannan na wane, ƙashin nan na wanda ya fi kowa ƙoƙari a makaranta. Da mahaifinsu ya rasu aikin ya dawo hannun Hammawa, kuma wallahi ya iya. Ba a taɓa jin yaro ya ce an cuce shi ba.

Sai ga ciwo. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya kuma jero masa abin da zai bari: tuwo, shinkafa, burodi, fura, kunu, har da masa. A Bauchi fa, a ce mutum ya bar masa! Matarsa Fatu ta ɗaura ɗamara. Zogale da ƙuli, kabeji, alayyafo, dafaffen ƙwai, gasasshen kifi, awara, wani lokaci wake kaɗan a ƙasan faranti. Cikin 'yan watanni tumbinsa ya faɗa, ƙishirwar da ke dame shi ta tafi, idonsa ya washe. Kowa na cewa masha Allah. Shi dai uhm kawai yake cewa.

Da farko yakan fito da farantinsa zaure. To, amma zaure bai san agogo ba. Sai an jira wanda ya tsaya hira a masallaci, an jira wanda ya tafi sayen katin waya. Wata rana ya sha maganinsa, jira ya yi tsawo, ya miƙe zai ɗauko buta sai ya zube a bakin ƙofa. Roda, maƙwabciyarsu da ke aikin jinya a asibiti, ita ta zo da gudu ko takalmi babu. Da ya dawo hayyacinsa ta faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye.

"Baba Hammawa, suga ba hawa kaɗai yake yi ba, yana faɗuwa. Kun rage abinci mai nauyi, magani kuma yana nan da ƙarfinsa. Ku koma wurin likita ya rage muku. Kuma in kun sha, ku ci abinci nan take. Kada ku jira kowa."

Likita ya rage maganin. Fatu kuma ta yanke nata hukuncin: daga ranar a ɗaki zai riƙa ci, kafin magariba, a gaban idonta. Buzu ba ya zama babu kowa, sai Sabitu ya hau.

Ka ji inda abin ya fara. Tagar ɗakin Hammawa tana kallon bayan zaure, saboda haka babu abin da ke wuce kunnensa. Yana zaune bayan ya gama cin ganyensa zai ji ƙarar murfi, ya ji muryar Sabitu tana cewa bismillah, ya ji yara sun kwashe da dariya. Dariyar me? Shi da yake raba nama ba a wannan shewar. Wai ashe Sabitu sai ya sa kowane yaro ya yi kukan dabbar da aka yanka kafin ya ba shi rabonsa. Rashin kamun kai kawai! Amma yaran suna so, har da 'ya'yan Hammawa na cikinsa. Ran nan ya ji autarsa tana ce wa uwarta, "Inna, Baffa Sabitu ya fi Baba ba da tsoka." Fatu ta buge mata baki, amma magana ta riga ta shiga inda za ta shiga.

Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Hammawa yana kishin ƙanensa kamar ya mutu. Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya suka sha, amma dubi Sabitu: ƙato, wuya ya haɗe da kafaɗa, ya tashi da masa goma da safe, ya kora da shayi mai suga cokali huɗu, da rana ya dama fura, da dare ya share malmala uku, kuma ko ciwon kai ba ya yi. Shi kuwa Hammawa da bai taɓa cika ciki ba tun yana saurayi, shi ciwo ya zaɓa. Yakan yi istigfari in tunanin ya zo, ya ce Allah na tuba, rabo ne. Kafin ya shafa addu'ar sai wata dariyar ta taso daga zaure, kishin ya dawo masa sabo.

Abin haushin ma, Sabitu ba ya yin laifin da za a kama. Kullum sai ya leƙo. "Yaya, ya jiki? Yaya, an ci abinci?" Da ma rashin kunya yake yi, da an san ta inda za a ɓullo masa. Maƙwabta kuma suka fara kai ƙararsu wurin Sabitu, don shi ake samu a zaure. Rikicin magudanar ruwa, shi. Karo-karon gyaran masallaci, shi. Da wani ya zo neman auren 'yar ƙanwarsu, sai da aka gama shan ruwa sannan aka tuna a aika a kira Hammawa.

Wannan ce ta kai shi bango. Wata Alhamis da safe, zai fita shagonsa na yadi a kasuwar Wunti, ya ce wa Fatu, "Yau ki yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ki sa nama sosai. A zaure zan ci."

"Malam, tuwo fa ka ce?"

"Kunnenki ƙalau."

"To maganin fa? Ka san abin da Roda..."

"Roda ce ke aurena?"

Fatu ta juya ta koma madafa. Shi kuwa ya riga ya yi lissafinsa, irin lissafin mai taurin kai. In tuwo na hawar da suga, magani kuma na saukar da shi, ai sai a ƙara magani, su yi ta kokawarsu a ciki, shi ya ci abinsa cikin mutane. Da rana ya ƙi cin komai don ya bar wa tuwo wuri. Bayan la'asar ya ɓalli ƙwaya biyu maimakon rabin da aka ce masa, ya kora da ruwa, bai gaya wa kowa ba.

Ana idar da magariba ya riga kowa dawowa. Ya sa farar riga mai aiki, ya hau buzu, ya jingina. Sabitu na shigowa ya yi turus, sai kuma ya washe baki. "A'a! Yaya da kansa! Yau zaure ya cika." Ya nemi gefen tabarma ya zauna ba tare da wani nauyi ba. Ko wannan ma ya ba Hammawa haushi. Ya so ya ga fuskar ta ɗan canja.

Aka jera kwanuka. Ƙamshin taushe ya cika wurin. Hammawa ya wanke hannu, ya miƙa zai ɗaga murfi, sai aka yi sallama a ƙofa.

Alhaji Bakari ne, mahaifin Fatu, ya taso daga rugarsu ta wajen Darazo ba tare da aike ba, da sandarsa da ƙullin man shanu. Tirƙashi. Hammawa ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya sauko daga buzu, ya shimfiɗa wa tsohon, ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. A gidansu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa sai ya juya baya. Surukin ma ba zai ci a gabansa ba. Aka yi wa tsohon tayi, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake, alhali kowa ya san tun safe yake hanya. Haka ake yi.

Sabitu ya yi wa yara ido, suka kwashe kwanukan suka fita da su dakalin ƙofar gida. Shi ba surukinsa ba ne kai tsaye, kunyarsa mai sauƙi ce. Kafin ya bi su ya sunkuyo daidai kunnen yayansa.

"Yaya, ka shiga ciki ka ɗan taɓa wani abu. Ni zan zauna da Baba."

Da wani ne ya faɗa, da Hammawa ya tashi, don tuni ya fara jin wani sanyi-sanyi a tafin hannunsa. Amma Sabitu ne. Wato buzu bai ishe shi ba, yara ba su ishe shi ba, yanzu har surukin nasa ma shi zai karɓa? Gobe a ruga a ce ai da aka je, ƙanen ne ya zauna da Alhaji, maigidan yana ɗaki ana ba shi ganye?

"Je ka abinka," ya ce, bai ko ɗago ba.

Aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ya gajiya, sannan aka sake komawa farko. Alhaji Bakari mutum ne mai magana a hankali, ba ya gaggawar komai. Ya ɗauko labarin wata saniyarsa da ta ƙi karɓar ɗan maraƙinta. Daga waje Hammawa na jiyo ƙarar murfi, ya ji bismillar Sabitu, ya ji wani yaro ya yi kukan rago, aka tuntsire da dariya. Naman da ya sa a saya ke nan ake rabawa.

Gumi ya keto masa. Farar rigar ta manne a baya. Yatsunsa suka fara rawa, ya cusa su ƙarƙashin cinya. Yunwa ta taso masa irin wadda bai taɓa ji ba, har bakinsa na kakkarwa. Ya san alamar sarai, ya taɓa ganinta. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ɗakin Fatu, inda ta ajiye masa zuma saboda irin wannan rana. Amma ya ce da suruki me? Ina jin yunwa? Ya gwammace ƙasa ta tsage. Ya ci gaba da cewa "haka ne, Baba, gaskiya ne, Baba," har ya daina gane abin da yake amsawa. Fitilar zauren ta rabu biyu. Tsohon ya tambaye shi wani abu, ya buɗe baki, harshen ya ƙi juyawa.

Da ya farfaɗo, kansa na kan cinyar Sabitu. Yatsan Sabitu na cikin bakinsa yana goga masa zuma a dasashi, gemunsa duk ya yi danƙo. Roda na durƙushe tana soka masa ɗan yatsa da na'urarta, tana faɗa da Hausarta mai sauri. Fatu na kuka a bakin ƙofar cikin gida, mayafi a hannu, a gaban mahaifinta. Hularsa na can gefe. Alhaji Bakari kuwa, dattijon da Hammawa bai taɓa yarda ya ga ko tafin ƙafarsa ba, shi ne riƙe da ƙafafun nasa yana murzawa yana salati.

A Keke Napep aka kai shi asibiti, Sabitu na rungume da shi. Aka sa masa ruwa, ya kwana biyu. Da likita ya tambayi ƙwaya nawa ya sha, ya faɗa, sai likitan ya cire tabarau ya dube shi kawai. Hammawa ya ce da ma zaginsa ya yi.

Ranar da ya dawo gida ya tarar an yi shawara ba da shi ba, kuma Sabitu ne ya kawo ta. Daga yau zaure zai bi lokacinsa. Ba jiran masu hira, ba jiran kowa. Ko baƙo ne ya zo, ko wane ne, sai Yaya ya ci.

Haka kuwa aka yi. Da yamma aka zaunar da shi a mazauninsa, aka sa masa matashi a baya. Aka ajiye farantinsa na kifi da zogale a gabansa, manyan kwanuka na rufe a tsakiya. Ba wanda ya motsa. Yara sun yi tsit, an ja musu kunne. Ya ɗaga kai ya ga idanu sun kewaye shi, kowa na kallon hannunsa ko yana rawa, ana kallon goshinsa ko akwai gumi.

"Yaya, bismillah," in ji Sabitu a hankali. "Ci mu gani."

Ya ci. Suna ƙirga masa loma da ido. Da ya kai rabi Sabitu ya turo masa kwanon miya don ya raba nama, ya raba, kowane yaro ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi gardamar tsoka. Autarsa ta karɓi nata, ta tsaya tana dubansa.

"Baba, ba za ka faɗi ba ko?"

Ya ce mata a'a.

Can ƙarshen tabarma Sabitu ya jawo tuwonsa, ya naɗe hannun riga, ya yanko loma ƙatuwa ya tsoma a miya. Miya na bin gwiwar hannunsa, yana ci yana gumi, hankalinsa kwance, ba mai kallonsa ko ɗaya. Hammawa ya bi lomar da ido har ta shige. Sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin ganyensa, don ya ga an fara lura ya tsaya.