Ɗigon Fensir

Tsohuwa ta kwance bakin mayafinta, ta zaro wani faifan ƙarfe, ta maka shi a kan tebur har shayin mai binciken ya fantsama.

"Ga shaidata. Ka duba, ka goge ƙaryar da kuka rubuta a kan ɗana."

Wata huɗu ke nan da ƙaramin jirgin da ɗanta ke tuƙawa ya faɗo a gonar mutane, saura ƙiris ya kai filin jirgi. Da shi da fasinja biyar, babu wanda ya fita. Takardar bincike ta ce mai ne ya ƙare, wai matuƙi bai lissafa iskar da zai tunkara daidai ba. Yau za a sa hannu a rufe maganar. Ita ko bihim ba ta sani ba, amma ta san abin da ta haifa, ta kuma ji sunan da ake kiran jikokinta da shi a makaranta: 'ya'yan wanda ya kashe mutane.

A bayanta surukinta ne tsaye, mijin autarta, tela. Kyaftin ake ce masa don tsiya, saboda jirgin kwamfuta da yake tuƙawa a ɗakinsa. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, sau goma sha ɗaya na yi tafiyar nan. In da iskar da kamfanin jirgin ya ce ya faɗa masa ce, ko mahaukaci ba zai tashi da man nan ba. Ina jin tsohon rahoton iska suka ba shi."

"A ina ka yi tafiyar?"

"A... a ɗaki."

"Kai, rufe mana baki!" in ji tsohuwa. "Jirgin da matarka ke kashewa in za ta yi guga? Malam, ka bar wannan, ka dubi ƙarfen."

Mai binciken bai yi dariya ba. Dattijo ne mai furfura, shi ma ya yi tuƙi a zamaninsa. Ya ɗauki faifan, ya murza shi a hankali, lambobin gefe suna wucewa.

"Nasa ne? A jirgin aka samu?"

"A aljihunsa. Yara duk sun koma waya, shi kam yana nan da abinsa."

"To Mama, wataƙila kin zo da magana." Ya juya bayan faifan, ya nuna mata wani zagaye fari kamar gilashi. "In an faɗa wa matuƙi iska, nan yake ɗiga ta da fensir kafin ya lissafa mai. In ɗigon yana nan, za mu san iskar da aka ba shi. Kamfani ba shi da bakin musu."

Ya tashi ya je taga, ya ɗaga shi a haske. Ya karkata shi hagu, ya karkata dama. Ya daɗe.

"Haka aka kawo miki shi?"

"Haka? Cikin leda aka jefo min shi, duk baƙin hayaƙi da laka. Sai in kawo kayan ɗana gaban manya da dauɗa, ku ce uwarsa ƙazama ce? Kwana uku ina dirzarsa da toka da soso."

Kyaftin ya dafe kai da hannu biyu.

"Kin ga wani ɗan ɗigo a nan?" mai binciken ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Shi ya fi ba ni wahala."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ta fizge faifan, ta ɗora yatsa a kai.

"Nan yake. A'a, nan... Ba ni fensir in mayar!"

"Mama, ba a mayarwa."

Ta buɗe baki za ta zage shi, ta zagi kamfani, ta zagi duk wanda ya taɓa riƙe biro. Maimakon haka ta ƙulle faifan a mayafi, ƙullin ya ƙi, ta sake.

A matattakala ta ji ƙarar hatimi daga cikin ofis, sau biyu. Ta tsaya ta kama hannun rigar surukinta.

"In mun je gida, kada ka faɗa wa matarsa da yaran."

"To me zan ce musu, Inna?"

"Ka ce sun ƙi dubawa."