Makarantar da Taswira Ta Ce Tana Cikin Ruwa

A shekarar 1977 ni ne akawun ɗakin fayil a ofishin ilimi na Jos. Sunana Shu'aibu, kuma duk takardar da ta shigo ta hannuna take bi. Daga wurina ta tafi sashen tsare-tsare, daga can ta wuce sashen sufetoci, sannan ta hau bene wurin Babban Sakatare ya sa hannu. Takardar da ta tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, to ta mutu.

Shekara guda ke nan da fara ilimin firamare kyauta, yara sun yi wa makarantu yawa. Mutanen wata unguwa a bayan Rikkos suka gaji da jira, suka gina ajujuwa biyu da hannunsu. Malama Tabawa, wata gajeriyar mace mai takardar koyarwa da kaifin baki, ita ke karantar da yara sittin da uku a ciki. Abin da take nema ɗaya ne, a sa makarantar a jerin gwamnati kafin a rufe jerin ranar Juma'a. In aka rufe babu su, sai baɗi, kuma manyan cikin yaran shekarunsu za su wuce na shiga aji ɗaya.

Ran Litinin ta same ni tana huci.

"Malam Shu'aibu, sati biyar! Fayil ɗin nan ƙafa ce ba shi da ita, ko kuwa?"

Na raka ta wurin Oga Linus, shugaban tsare-tsare. Mutumin kirki ne, amma da a ce taswira za ta ce masa ba shi da kai, sai ya shafa ya ji. Ya kai mu gaban wata tsohuwar taswira da ke bango tun zamanin kamfanonin kuza, ya ɗora biro a kan wani shuɗin tabo.

"Madam, duba da kanka. Wannan wuri ruwa ne, ramin kuza. Ba zan iya approve makaranta cikin ruwa ba."

"Oga, daga can na fito. Ka ga zanena a jiƙe?"

"Ni map na sani. Sai inspector ya gani, ya rubuta."

Muka je wurin Madam Gertrude, babbar sufeto. Ita kuma ta ce ƙa'idarsu ba sa duba makarantar da tsare-tsare bai sa a jeri ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na ga Malama Tabawa ta tsaya a baranda, sai tausayinta ya kama ni.

Shekara goma sha ɗaya ina kwasar ƙurar fayil ba a banza ba. Na san akwai ƙa'ida guda da ke tayar da kowa daga kujera: in aka kawo rahoton cewa yara suna cikin haɗari, dole sufeto ya je cikin kwana biyu. Na zauna na rubuta a fayil: "Bisa taswirar ofishin nan, yara sittin da uku suna zaune cikin ruwa kullum daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya. A duba da gaggawa." Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na kai wa masinja na ce ya hau bene da shi.

Ran Laraba da safe mota ta kwashe mu, ni riƙe da fayil. Oga Linus har da dogon takalmin ruwa ya sako, Madam Gertrude kuwa tana ta danne dariya. Muka tarar da busasshen fili, ajujuwa biyu da rufin kwano, yara suna ta rera ɗaya, biyu, uku.

Oga Linus ya buga ƙafa a ƙasa sau uku.

"To ina ruwan ya tafi?"

Wani tsoho da ake kira Baba Jika ya taso daga gindin bango.

"Ranka ya daɗe, ni na haƙa ramin nan. Shekara ashirin ina ɗaukar kwanon kuza a ka. Da kamfani ya tashi, mu muka cike shi, rani bakwai muna zuba ƙasa. Jikokina huɗu suna cikin ajin can."

Madam Gertrude ta daina dariya. Ta auna ajujuwan, ta ƙirga yara, ta sa aka haƙa ƙasa ta ga ta zauna daram, ta rubuta rahotonta a kan murfin mota. Oga Linus ya rubuta nasa a ƙasa, ya ce yau ɗin nan zai hau bene da kansa. Saura mai shaida daga unguwa. Na miƙa wa Baba Jika biro, ya girgiza kai, sai na buɗe masa tawadar dangwale.

Ya danna babban yatsansa a takardar, ya daɗe bai ɗaga ba. Sannan ya dubi Malama Tabawa.

"Malama, ki riƙe su da kyau. Daga kaina dangwale ya ƙare a gidana."