Bidiyon Jana'izar Irene

Irene ta rasu ranar Laraba da hantsi, a cikin daminar 2003, kuma kafin in dawo gida daga asibiti an riga an ɗauki mai bidiyo.

'Yarmu Eunice ce ta ɗauke shi. Ta ce saboda yayanta George ne, wanda ke aiki a tsakiyar teku can wajen Fatakwal tare da masu haƙar mai, inda ba a sakin mutum don uwarsa ta mutu sai jirgin canjin ma'aikata ya zo. Tunda ba zai halarci jana'izar ba, sai a kai masa ita a kaset. Ban yi musu ba. Na daɗe ina koyar da adabi a sakandare, na san kamannin hujjar da ba a kayar da ita.

Kada a ɗauke ni maƙiyin na'ura. Wayar salular da George ya aiko wa uwarsa ita ce ta sa ya ji muryarta kwana biyu kafin ta tafi. Eunice ta kara mata a kunne, Irene ta ce masa ya riƙa cin abinci, ya kuma daina aske gashinsa ƙwal kamar fursuna. A zamanin samartakata da sai dai wasiƙa ta same shi bayan ciyawa ta tsiro a kan kabarin. Wannan na yarda da shi. Abin da na lura kawai shi ne, mulkin farar hula da wayar salula sun iso mana kusan tare, kuma ciwonsu ɗaya ne: an raba wa kowa baki, an manta ba a raba kunne ba.

Ni kuma ina da alkawari a wuyana.

Tun muna haya a Unguwar Mu'azu har muka gina namu a Narayi, yammacinmu iri ɗaya ne. Ina zaune a baranda da littafi, ita tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno da tire a cinya, tana tsince tsakuwa daga acca, tana rera waƙoƙin zumuntar mata ta hanci, ba kalmomi. Lokaci-lokaci takan ɗago ta ce, Malam, wannan littafin ba ya ƙarewa ne, tun Kirsimeti nake ganin bangonsa. Nakan ce mata littafi mai nauyi ne. Takan ce ai ta gani.

A asibiti, bayan an gama wayar George, ta sa Eunice ta je neman ruwan zafi, sannan ta dube ni.

"Kai da ka cinye littattafan duniya, ba ka taɓa faɗa mini magana ɗaya mai daɗi a gaban mutane ba. Ranar da za a sa ni a ƙasa ka faɗi wani abu. Da Hausa. Kuma kada ka ɗauko daga bakin wani Bature da ya mutu."

Na ce zan iya faɗa mata yanzu, tana ji. Ta ce a'a, a gaban mutane take so, kuma kafin a zuba ƙasa, don bayan nan ba ta da tabbacin za ta ji. Ta ƙara da cewa a binne ta a nan Kaduna, hanyar ƙauye ta girgiza ta isasshe tana da rai. Na ɗauki alkawarin duka biyun. Na biyun ya fi sauƙi.

Sunan mai bidiyon Sylvanus. A da yana aiki a masaƙa a Kakuri, da aka sallame su ya sayi kyamara ya buɗe shago a Makera. Yana sa wata riga marar hannu mai aljihuna da yawa, yana kirana Dadi, wato Baba da Turanci, abin da 'ya'yan cikina ma ba su taɓa yi ba. Ranar Juma'a ya iso gida da fitila mai zafi kamar murhu, ya tarar da ni ina shigowa daga wurin masu haƙa kabari. Ya roƙe ni in koma waje in sake shigowa, don bai kunna ba. Na koma na sake shigowa. Ya ce in cire tabarau, yana ƙyalli. Na cire, na yi karo da benci. Ya ba ni hoton Irene in riƙe a ƙirji, ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya.

"Dadi, a ɗan ƙara baƙin ciki kaɗan."

Na gaya masa iyakar wanda nake da shi ke nan, sauran yana ciki, kuma ban san yadda ake fito da shi don baƙi ba. Ya ce ba komai, zai gyara da kiɗa.

Matan zumunta suna zaune a ƙarƙashin rumfa. Ba zan yi musu ƙarya ba, su suka yi jinyarta, su suka wanke ta, kukansu na gaskiya ne. Amma na lura cewa duk inda fitilar Sylvanus ta juya, nan kukan ya fi ƙarfi, kuma wadda haske ya wuce takan gyara ɗankwali ta jira zagaye na biyu.

Ranar Asabar aka yi sujada a coci. An buga tsarin hidima a takarda mai hoton Irene, kuma can ƙasa, bayan wa'azi da gaisuwar manyan baƙi, an rubuta jawabin miji. Ban rubuta komai ba. Maganar gajeriya ce, ina ɗauke da ita a baki kamar ƙwayar magani.

An ɗauke wuta tun safe, don haka janareto ke riƙe da lasifika da fitilar Sylvanus. A lokacin masu waya ba su da yawa, kuma duk wanda yake da ita yana rataye ta a ɗamara inda za a gani. Idan ta yi ƙara, mai ita ba ya saurin ɗauka, sai ya bari ta gama waƙarta, coci duka ya san ta wane ne. An yi haka lokacin karatun Zabura, an yi lokacin addu'a.

Sannan aka kira kansilan mazaɓarmu, wanda bai taɓa ganin Irene ba sai a bangon takardar da ke hannunsa. Ya yaba mata a matsayin uwa ga al'umma, ya wuce zuwa maganar kwalbatin da yake shirin ginawa. Yana tsakiyar kwalbatin wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, bai kauce daga makirfo ba.

"Ina wurin jana'iza ne. A'a, ba wani babba ba, matar wani malami ce."

Lasifika ta kai wannan har bakin titi. Ban taɓa jin na'ura ta yi aikinta da aminci haka ba.

Da aka zo kaina, na miƙe, na isa gaban akwatin, na karɓi makirfo. Janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare.

Na ce wa Fasto ba damuwa, na yi shekaru ina magana da aji cike da yara masu yunwa ba tare da lasifika ba, kuma na baya ma suna ji idan sun ga dama. Sylvanus ya taso da sauri ya ce ba zai yiwu ba, babu haske, babu sauti, George ba zai samu komai ba. Eunice ta riƙe mini hannu, idanunta sun kumbura, ta ce Baba, don Allah, saboda George. Fasto ya raɗa mini cewa in bari sai a bakin kabari, can akwai hasken Allah, kyauta. Mawaƙa suka cike gurbin da waƙa har aka samo mai, kuma da aka samo, sai aka yi amfani da shi wajen sanar da inda za a ci abinci.

Muna isa maƙabarta hadari ya riga ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Samarin coci suka saukar da akwatin da igiya, suka tsaya da shebur a hannu suna duban sama. Fasto ya yi mini alama. Na matsa bakin ramin. Mutane sun yi shiru, irin shirun da na yi kwana uku ina nema.

Na ce, "Irene."

Sylvanus ya ɗaga hannu. Batir ya mutu, a ba shi minti ɗaya. Ya shiga laluben aljihunan rigarsa, kuma a ranar na gane amfaninsu: suna da yawa ne don kada a sami abu da wuri. Muka tsaya, ni da matata da jama'a, muna jiran batir.

Ya samu, ya ɗaga babban yatsa. Na buɗe baki, sai wayar da ke jakar Eunice ta yi ƙara, wayar Irene, da waƙar da ita kanta ta zaɓa. George ne. Ya samu layi daga teku, yana so ya ji jawabin babansa da kunnensa.

Wane uba ne zai ce a'a? Sai dai a bakin ramin babu sabis. Eunice ta ɗaga wayar sama tana yawo da ita tsakanin kaburbura kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya, har ta hau kan wani kabarin siminti mai tudu, can nesa kaɗan.

"Baba, zo nan. Nan ne akwai sabis."

Aka kama ni aka hau da ni. Sylvanus ya biyo mu, rabin jama'a suka biyo Sylvanus. Na sami kaina tsaye a kan wani bawan Allah mai suna Monday, wanda ban taɓa sani ba, ina shirin gaya masa abin da na ɓoye wa matata shekara talatin da wani abu.

Na ce Irene a cikin wayar. George ya ce, Baba, kana ji na? Na ce ina jin ka. Sai muryata ta dawo mini daga teku, ta ce ina jin ka. Na sake cewa Irene. George ya ce in ɗaga murya, yana yankewa. Na ɗaga. Ya ce yanzu ya fi, in fara daga farko. Ina farawa daga farko layin ya katse, ruwa kuma ya sauko gaba ɗaya.

Ban ga laifin samarin ba. Ba a barin rami a buɗe ruwa ya cika shi da akwati a ciki. Fasto ya yi addu'ar ƙarshe a ƙarƙashin lema, da sauri, su kuma suka sa shebur. Kafin in sauko daga kan Monday, ba tabarau a idona don ya jiƙe, in lallaba cikin taɓo in isa, ƙasa ta riga ta yi tudu. Sylvanus ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kyamara, shi yana jiƙewa. Ya roƙe ni in ɗebi ƙasa in watsa a kai, don a samu hoton miji yana zuba ta farko. Na ɗebi taɓo na watsa. Ya ce ya yi kyau sosai.

Bayan sati biyu kaset ya iso. Eunice ta kunna mana a falo. Aiki ne na gwani, ban hana shi ba. Hoton Irene ya fito a cikin zuciya ja, yana juyawa, ya tashi ya bi ta kan wasu duwatsu masu ƙanƙara da wani ruwa mai gangarowa, ita da ba ta taɓa wuce Jos ba. Ga ni ina shigowa gida karo na biyu. Ga kansila, jawabinsa cikakke, har da kwalbati, an cire wayar kawai. Can kusa da ƙarshe ga ni tsaye a kan kabarin wani, ruwa na dukana, bakina yana motsi, an ɗora kiɗa mai taushi a kai, an rubuta a ƙasa da Turanci wai jawabin miji.

An aika wa George nasa. Ya kira yana kuka. Ya ce ya ga fuskar Mama, ya ga mutanen da suka zo, ya ga inda aka sa ta, yanzu ya yarda. Ya ce bai ji kalmomina ba saboda kiɗan, amma ya ga yadda na tsaya cikin ruwa ina yi mata magana, kuma ba zai manta ba. Ban gyara masa ba. Kaset ɗin ya yi masa abin da aka saye shi ya yi.

Eunice ta san gaskiya. Ta zo ta ce ta yi magana da Sylvanus, zai zo gida ya ɗauke ni ina faɗin jawabin, ya liƙa shi a wurin da ya dace, ba wanda zai gane, kuma ba zai karɓi ko kwabo ba. Na ce ta gode masa. Irene ta ce a gaban mutane, kafin a zuba ƙasa. Ba ta ce a gaban Sylvanus ba.

Na kalli kaset ɗin sau ɗaya, ya ishe ni. Yana da tsawo, akwai muryar kowa a ciki, har da mai sanar da abinci. Muryarta ce kawai babu. Duk shekarun da ta yi tana rera waƙa a barandar nan, ba wanda ya ga abin ɗauka a ciki, kuma na gode wa Allah, don da an gani, da an ce ta sake daga farko.

Har yanzu da yamma nakan zauna da littafi. Yanzu littattafan suna ƙarewa da wuri.

Maganar ba ta da yawa, da an ba ni numfashi biyu da ta fita. Irene, littafin ba shi da wani nauyi. Ba na juya shafin ne. Ke nake saurare.